Kututturen Muga Lepo

Shekara talatin da huɗu ke nan hayaƙin madafar makarantar Tiwaki yana riga rana fitowa. Hazo bai gama sauka daga kan duwatsu ba, za ka hango Muga Lepo ta gangaro daga gidanta na ƙarshen gari, kwando a baya, igiyarsa a goshi, lofe a gefen baki, doguwar farar rigarta ta jiƙe da raɓa har gwiwa. A hanya take cefanenta: tohon gora, ganyen kabewa, 'yan kaguwar rafi idan damina ce. Kafin yara su yi layi a ɗaga tuta ta wanke shinkafa, ta daka barkono, tukunyar fate ta fara ɓararraka. Sunanta Naw Lepo, amma Muga muke ce mata, wato goggo, har da tsofaffin da suka girme ta.

A ƙarshen zangon nan ta ajiye ludayi, gwiwa ta ƙi. Na zauna in rubuta mata jinjina, domin abin da muka gani a bana bai sake ni ba har yau. Mace ta ciyar da gari guda tun yana yaro, kullum muna miƙa mata kwano, ashe ba mu san ko wace ce ba.

Abin da muka sani shi ne ludayinta yana da sharaɗi. Ba ta zuba wa yaro sai ya amsa tambaya.

"Itacenka?"

"Ɓaure, Muga. Inda rafi ya rabu biyu."

"Na ubanka?"

Idan yaro ya fara sosa ƙeya, sai ta ɗage ludayin sama. "Koma baya ka tambayi yayarka. Kai kamar kabewa, ciki duk ruwa. Na gaba."

Ba ta taɓa barin kowa da yunwa ba. Ƙarshen layi dai za ka koma, fate ya huce, 'yan ajinku suna yi maka dariya. Kafin ka kai aji uku ka haddace itacenka, da na iyayenka, da na kakanninka huɗu, rayayyu da matattu. Ranar Juma'a kuma sai ta kwashe mu zuwa daji wai neman ganyen miya, ta bi da kowa ta gindin nasa. Wuri ɗaya ne ba ta taɓa kai mu ba, Gangaren Giwaye. Ta ce akwai rina.

Mu 'yan ƙabilar Karen na waɗannan duwatsu na arewacin Tailan, idan aka haifi jariri, uba yakan sa cibiyar a gaɓar gora, ya shiga daji ya zaɓi lafiyayyen itace, ya ɗan tsaga ɓawonsa daidai ƙugu, ya zaunar da gorar a tsagar ya ɗaure. Daga ranar itacen ya zama na yaron. Ba a sare shi, ba a ko karya reshensa, domin a nan kurwar mai shi take hutawa. Gorar takan ruɓe ta faɗi cikin 'yan shekaru, ɓawo ya rufe tsagar, sai tabo ya rage. Wannan kowa ya sani. Abin da ba mu taɓa tambaya ba shi ne me ya sa mace ɗaya, wadda ba ta da ɗa ko ɗaya, ta ɗora wa kanta abin kamar farilla.

Shugabannin makaranta goma sha ɗaya ta gani, duk daga kwari aka turo su, yawancinsu suna ƙirga kwanakin komawa. Na huɗunsu ya hana yaren gari a harabar makaranta. Yayata tana aji biyar a lokacin, kuma da kunnenta ta ji shi a bakin madafa.

"An ɗauke ki dafa abinci ne, ba tsafi ba. Yaran nan su san ƙasarsu, shi ne aikinmu."

Muga ta cire lofe daga baki. "Ranka ya daɗe, ai ƙasar nake nuna musu inda take."

Ya sallame ta a ranar. Washegari ta kwashe duwatsun murhunta, ta kafa su a gindin mangwaro, taku ɗaya bayan shingen makaranta, ta buɗe rumbunta. Da an tashi cin abinci sai yara su tsallake shinge su yi mata layi, ta tambaye su, su amsa da yaren da aka hana. Wata biyu tana ciyar da su da shinkafar gonarta, abincin da ake dafawa a ciki yana ƙarewa a bakin aladu. Da shugaban ya gaji ya aika a kira ta. Ta mayar da duwatsunta inda suke. Shekarar nan rogo da doyar daji ta ci har kaka.

Da hanya ta iso garinmu, aka fara kai mata haihuwa asibitin gunduma, tafiyar awa huɗu a bayan akori-kura. A can cibiya shara ce. Mazanmu kuwa ba su iya yaren kwari sosai ba, sai su tsaya a bakin ƙofa suna murza hula, kunya ta hana su roƙo. Muga ce ta fara bin mota da gorarta a cikin jaka. Matan da suka haihu a shekarun nan duk sun ga yadda ake yi da ita.

"Ga mai gorar nan ta dawo," in ji wata ma'aikaciya. "Miya za ki yi da ita ne, tsohuwa?"

"Ajiya zan yi, 'yata. Taki tana ina?"

Mai gadi ya sha fitar da ita waje, ta zauna a ƙarƙashin rana har a canza masu aiki ta sake gwadawa. Sai da aka shekara shida kafin wata mai kirki ta fara naɗe mata a leda ta ajiye.

Ni ma a can aka haife ni, a tsakiyar damina, dutse ya zaftare ya rufe hanya, ubana yana ƙwadago a gonakin kwari, uwata ba ta san inda kanta yake ba. Da ƙafa Muga ta je, kwana biyu, ta dawo kwana biyu, ta damƙa wa kakana gorar. A bana uwata ta gaya mini. Shekara ashirin da shida ina cewa "tsamiya, bayan gonar kakana", ban san ƙafar da ta kai ni can ba.

Na je birnin Chiang Mai na karanta shari'a. A aji an kira ni 'yar masu ƙona daji, na koyi mayar da martani da yarensu har na fi su iya shi, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Na dawo gida ina ganin na san abin da zai cece mu. Ban daɗe ba aka zo aka kafa allo a bakin gari: daga rafi har kan dutse gandun gwamnati ne. An ba mu kwana casa'in mu kawo shaidar cewa muna nan tun kafin a shata gandun, shekara hamsin da biyar da suka wuce. In babu, za a sauke mu zuwa matsugunin kwari, a rufe makarantar.

A nan ne na gane irin ramin da muka haƙa wa kanmu da kyawun hali. Mukan noma gona shekara ɗaya, mu bar ta ta huta shekara bakwai har ta koma daji. Da aka fito da tsofaffin hotunan da jirgi ya ɗauka, kore ne shar, ba alamar mutum. Gidajenmu na gora ne, in an tashi ƙasa ta cinye su. Matattunmu ba ma kafa musu dutse. Katin ɗan ƙasa kuwa bai hau dutsen nan ba sai shekara talatin da suka wuce. Kakanninmu sun koya mana mu bi ta daji kada daji ya san mun bi, muka kuwa iya, har muka share sawunmu da hannunmu. Wanda ya aske dutse ya shuka masara shekara da shekaru, gonarsa ta fito fes a hoto. Mu da muka raya dajin, mu ne baƙi a cikinsa.

Wata biyu ina yawo daga ofis zuwa ofis. Wata rana na biyo ta makaranta a gajiye, Muga ta miƙo mini kwano.

"Lauya, an samo?"

"Ba a samo ba."

"Ki aika wa kowa ya dawo gida ranar da mutanen gandun dajin nan za su zo. Kowa ya tsaya a gindin nasa."

"Muga, kotu ba ta san ɓaure ba. Takarda take so."

"Uhm. Ci, takarda ba ta maganin yunwa. In kin gama ki aika."

Na aika, ba don na yarda ba, don ba ni da wata dabara.

Suka dawo. Masu sayar da mai, masu gyaran ɗaki a otal, masu aikin masana'anta a Bangkok, sama da mutum ɗari biyu, wasu da rigar aiki a jikinsu. Jami'in gandun daji da aka turo, Khun Anuchit, mutum ne mai furfura da ba ya ɗaga murya, kuma ba wawa ba ne. Ya karɓi rajistar gidaje, ya zaɓi sunan wata tsohuwa da ta rasu tun kafin a haife ni, ya ware jikokinta uku daga gida uku. Ya tura su ɗaya bayan ɗaya da ma'aikacinsa, kowa bai ga inda ɗan'uwansa ya bi ba. Itace ɗaya suka dafa, su ukun. Ya sake da wani suna. Sau goma sha biyu ya yi, ba a sami kuskure ba.

Ya share gumi ya ce, "Na yi mamaki, ba zan ɓoye ba. Amma wannan hadda ce, ana iya koya wa mutane hadda cikin shekara biyu. Tabon nan zai iya zama na shekara goma, zai iya zama na ɗari. Itacen tik, wanda ake katako da shi, yana yin zobe ɗaya a ciki kowace shekara. In aka yanka daidai tabon, aka ƙirga zobban da suka hau kansa, magana ta ƙare. Ku ba ni ɗaya kawai."

Shi itace ɗaya ya roƙa, mu mutum ɗaya muka ji. Na dubi fuskokin mutanena na ga za su yarda a sauke su daga dutsen nan gaba ɗaya da a kai zarto jikin wani. Ni kaina, da digirina, da ya nuna tsamiyata da na tare ta da ƙirjina.

Pati Kribo ne ya miƙe, dattijon da ke jagorantar bikin shuka, yana dogara sanda. "Nawa tik ne. A yanka nawa. Na ci rabona."

"Zauna, Kribo," in ji Muga daga baya. "Kai da tari ke kayarwa."

"Lepo, ki bar ni in yi wannan."

"Ka makara da shekara arba'in da biyu."

Ta gyara igiyar kwandonta, ta ce wa jami'in ya ɗauko zartonsa, ta kama hanyar Gangaren Giwaye. Muka bi ta. Ba rina ko ɗaya. Siririyar hanya ce wadda ƙafar mutum ɗaya ta daɗe tana takawa, ta kai mu cikin tsofaffin kututturan tik, sun yi toka-toka, tsayinsu ya wuce ƙugu. Duk ciyawa ta rufe su, ban da guda biyu da aka share gindinsu tas. Ta dafa ɗaya, daidai kan tabo.

"Wannan nawa ne. Wancan na uwata. An riga an sare mu. Yanka."

Matan da ke kusa da ni suka rufe baki da hannu. Mun girma muna amsa mata tambaya, ba wanda ya taɓa juyawa ya ce, "Muga, naki fa?"

Pati Kribo ne ya ba da labarin, a zaune, idonsa a ƙasa. Wani kamfanin katako ya zo da takardar izini da giwaye, Muga tana da shekara ashirin da biyu, ta gama saƙa baƙar rigar da amarya ke sakawa. Ta rungume itacenta, aka ɓamɓare ta aka jefar gefe. Uwarta ta rasu kafin kaka. Sai gari ya ce yarinyar da itacenta ya faɗi ba za ta ga damina biyu ba, wa zai kai gawa gidansa. Uwar saurayin ta ce a fasa, saurayin ya bi maganar uwarsa. "Ni ne saurayin," in ji shi.

A wurinmu macen da ba ta yi aure ba farar riga take sakawa, ko da ta yi furfura. Muna yara mukan bi ta muna waƙa, wai bakinta ne ya kori maza. Na rera da bakina. Tana ji, ta juyo ta ce, "Itacenki?"

Khun Anuchit ya duba gefen kututturen ya sami ƙaramin ƙarfe mai lamba, irin wanda masu katako ke kafawa da ƙusa. Ya goge tsatsar da babban yatsa. Shekarar sara tana jiki: arba'in da biyu da suka wuce. Ya sa zarto. Muga ta tsaya tana kallo, lofen a bakinta ya mutu ba ta sani ba. Da faifan ya fita, ga tsagar ubanta a can ciki, baƙa, kamar jiya aka yi ta. Ya ƙirga zobban da suka rufe ta da bakin alƙalami, muna ƙirgawa tare da shi a ranmu. Ashirin da biyu. A haɗa da arba'in da biyu, sittin da huɗu. Na uwarta arba'in da bakwai, wato shekara tamanin da tara da wani uba ya tsaya a gangaren nan da gora a hannu. Jami'in ya cire hularsa. Ya nemi izinin tafiya da faifan biyu.

"Na uwata ka dawo da shi," ta ce. "Nawa ka riƙe, ya je ya ga Bangkok a madadina."

Bayan wata biyu takarda ta zo. An dakatar da tashin, za a auna garin da gonakin hutu tare da mu, makaranta tana nan. Ba a ba mu takardar mallaka ba tukuna, kuma ba za mu durƙusa mu gode wa kowa don ya bar mana abin da yake namu ba. Za mu ci gaba da zuwa ofisoshin nan har su gaji da ganin fuskokinmu. Amma godiya ɗaya ta wajaba, ita ce wannan.

Na same ta a madafa na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa mana.

"In faɗa ku ji tausayina?" Ta ci gaba da kankare tukunya. "Ba a mutuwa, ƙarya suka yi, ga ni nan. Amma na ga yadda ake zama ba inuwa. Ban so waninku ya gwada."

Muga Lepo, ke ce aka ce ba za ki ga damina biyu ba, kika ga arba'in da biyu, kika binne masu faɗin. Ke ce gari ya juya wa baya, kika juyo kika ciyar da 'ya'yansa da jikokinsa, har da na mutumin da ya bar ki. Ba ki iya karanta harafi ɗaya ba, amma rajistar da ta tsaya mana ranar da tawa ta gaza, a bakin tukunya kika rubuta ta, kan yara ɗari-ɗari. Da aka so a buga miki takardar yabo ranar sallama, an duba jerin ma'aikatan makarantar na shekara talatin da huɗu ba a ga sunanki ba. Mai dafa abinci, abin da aka rubuta ke nan. Na rubuta shi a nan, Naw Lepo, ya zauna. Mun gode, kuma ki yafe mana waƙar nan.

Ku kuma 'yan'uwana da muka sauka kwari muka yi karatu, kada wanda ya bar shi, muna buƙatarsa. Amma ku dawo ku yi layi. A kowane gari na duwatsun nan akwai mai riƙe da wani abu da muke ɗauka ƙauyanci ne, wata iri take ajiyewa, wani sunayen rafuka, wani iyakar gonaki. Ku zauna kusa da su tun suna iya tafiya, ku karɓi abin, ku kuma tambaye su abin da ya ci musu. Mu ba mu tambaya ba sai da zarto ya tambaya.

Ludayin yanzu yana hannun Naw Kimu, wadda ita ma da gorar Muga aka kawo cibiyarta daga asibiti. Ranar da ta fara aiki na je. Muga tana zaune a kan benci ta miƙe ƙafa, wai ta zo ta ga ko gishiri ya ji. Yara suka yi layi.

"Itacenki?" in ji Naw Kimu.

"Mangwaron daji, kusa da gada."

"Na uwarki?"

"Ɓaure, bayan rumbuna."

"Na Muga fa?"

"Gangaren Giwaye, kututture na hannun dama," in ji yarinyar, ba ta ko yi tunani ba. "Ranar Juma'a ajinmu ne da shara."

Muga ta cire lofe, ta ƙwanƙwasa shi a jikin benci, ta mayar.

"Ki zuba wa yarinya," ta ce. "Yana hucewa."